Nauyin Ekrem

Jelovac, 9 ga Oktoba, 1978

Yaya Munevera,

Ina gaishe ki, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da 'yarki Senada. Mu nan da sauƙi. Saniya ta haihu, tuffa ta yi 'ya'ya har rassa na karyewa, haƙorin nan da ya hana ni sakat an cire shi a gari. Labarin daɗin ke nan gaba ɗaya. Na san za ki so in tsaya a nan, amma ba don saniya na sayi kan sarki ba.

Ƙaninki ya yi nauyi. Ba ƙiba nake nufi ba, kin san Ekrem, ko rago guda ya cinye ba ya kama jikinsa, yanzu ma ramewa ya ƙara yi har ana ƙirga haƙarƙarinsa. Tun kafin azumi abin ya fara. Wata Laraba ya dawo daga wurin tsaga katako, ya ajiye magagarin da yake wasa zarto da shi a kan taga, ya zauna a kujerar bakin murhu, kujerar ta zube. Muka yi dariya, muka ce tsufa ne. Bayan kwana uku gadonmu ya bi ta. Yanzu a ƙasa yake kwance a ɗakin sama, katakon daɓen ya lotsa ƙarƙashinsa kamar kwano. Ba ya zuwa aiki, ba ya aski, rediyon da yake mutuwar so ko kallonsa ba ya yi. In na tambaye shi inda ke masa ciwo sai ya ce babu, shi dai bai ga dalilin tashi ba ne.

Likitar gari ta zo da kanta, wata yarinya mai tabarau. Ya daure ya hau sikelinta, ya nuna kilo sittin da ɗaya. Da ya koma ya kwanta, maza huɗu suka kasa matsar da shi in sauya masa shimfiɗa. Ko a jikinta. Ta ce ta ga irinsa sau uku a kwarin nan, ciwo ne na rai kuma yana da magani, amma sai an kwantar da shi a asibitin birni. Ta ce a hanzarta tun gadar katakon ƙauyenmu tana iya ɗaukarsa.

Ya ƙi. Abin da ya faɗa kawai shi ne, “In Yaya ta ce in je, zan je.”

Shekara goma sha tara ina dafa masa, ina wanke masa, amma maganar da zai ji tana can Stuttgart tana guge wa Jamusawa zannuwan gado. Ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye miki ba. Na san ke kika raine shi, kin faɗa mini tun ranar da aka kawo ni gidan nan kuma har yau ba ki gaji da faɗa ba. To ga ranar amfanin rainon ta zo. Layi ɗaya nake roƙo, da hannunki, ki ce masa ya tafi asibiti. Ba sai kin gaishe ni a ciki ba.

Matar ƙaninki,
Rasema

Stuttgart, 24 ga Oktoba

Amaryarmu,

Takardarki ta iso. Muna lafiya, ban da ƙafafuna da ke kumbura saboda tsayuwa, ko da yake na ga alama a wurinki tsayuwar guga ba aiki ba ce. Jamusawan da kika raina, da zannuwansu aka sauya rufin gidan da kike kwana ciki.

Ban san ranar da ƙanina ya zama abin kallo ba, har da za ki tara maza huɗu a kansa yana kwance. Me ya hana ki sa liman ya sanar ranar Juma'a? Kin san sarai an zo neman auren Senada, kuma dangin yaron mutanen Maglaj ne, rabin ƙauyenku 'yan uwansu ne. Ranar da aka ji an kai kawunta wancan gidan na masu taɓin hankali, ranar za su dawo su ce sun yi shawara. Ke ba ki da 'ya mace, shi ya sa bakinki yake a sake.

Ki saurare ni da kyau. Babu mahaukaci a zuriyarmu, ba a taɓa yi ba. Namijin da ya shekara goma sha tara yana jin muryarki safe da yamma, in ya nemi ƙasa ta buɗe ya shige ba zan ga laifinsa ba. Tsoro ne ya kama shi, ba wani abu ba. Bara ai a gabansa zarto ya cire wa abokin aikinsa yatsu, ya rubuto mini, ke ina jin ko tambayarsa ba ki yi ba.

Ki je wurin Nana Dervisha ta bayan masallaci ta zuba masa darma, in dai kin san hanyar. Ita ta zuba mana tun muna yara. A rufa masa jan mayafi, a riƙe kwanon ruwa a saman kansa, ta narka darmar ta zuba, tsoron ya fita ya shiga cikinta. Talata uku a jere, kada ki tsallake ko ɗaya don kina da wanki. Abin da ya fito a kwanon ki kai kogi ki jefa, ki dawo ba tare da waiwaye ba. Yarinyar mai tabarau kuma ta je ta auna wasu.

Layin da kike nema ba zan rubuta ba. Na aiko masa da rigar ulu da ƙwayoyin ƙarin jini, ki tabbata shi ya sha su.

Munevera

Jelovac, 22 ga Nuwamba

Yaya,

Barka da sallah, ko da yake ta wuce. Mun yi layya da ɗan rago, na kai wa Ekrem hanta ya kalle ta ya juya kai. Ƙafafunki Allah ya sawwaƙe. Rigar ulun ta iso, tana da kyau, na rufa masa ita a ƙirji don babu wanda zai iya ɗaga hannunsa ya zura.

Na bi umarninki, tunda ke ce mai gidan. Nana Dervisha ta zo da ludayinta, ta tsufa ƙwarai, sai da na tura ta daga baya kafin ta hau matakala. Ni na riƙe kwanon. Talatar farko darmar ta ƙi nitsewa, tana ta yawo a saman ruwa kamar ɓawon albasa. Ta biyu ma haka. Na kai kogi na jefa, ban waiwaya ba, amma yaran makaranta sun ce har gada suka bi ta tana tafiya a kan ruwa. Idan don Senada kike so a rufa asirin, to darmarki ce ta tona, ba bakina ba.

Washegarin sallah daɓen ya ɓalle. Ina tatsar nono na ji ƙarar. Ya faɗo ɗakin ƙasa inda muke ajiye dankali, ko ƙwarzane bai yi ba, yana ta kallon ramin da ya bari a sama. Can yake har yau. Ƙasar da ke ƙarƙashinsa tana shigewa kamar kaurin yatsa biyu a mako, na kafa tsinke ina aunawa. Makonni ukun da kika ci mana ke nan.

A Talata ta uku Nana ta ajiye ludayi ta ce ita ba za ta ƙara wahalar da itacen wuta ba. Ta ce nauyin duk yana jikinsa, bai rage wa darma komai ba, kuma tsoron nan ba a kansa ya fara ba, a nemo mata tufar wani na jininsa. Kin san ana zuba wa wanda ba ya nan a kan kayansa. Sai na buɗe akwatin da kika ce in na taɓa hannuna ya shanye, na ɗauko koren ɗankwalinki.

Yaya, darmar na taɓa ruwa ta yi ƙara kamar bindiga, ta fasa gindin kwanon ta faɗi ƙasa. Da ta huce muka ɗauka. Amalanke ne sak, da ƙafafunsa huɗu, da sa a gaba, da mutum a zaune a baya an ɗaure masa hannu, ga wata 'yar yarinya tana riƙe da igiyar san. Nana ta daɗe tana jujjuya shi. Daga baya ta ja ni waje inda Ekrem ba zai ji ba, ta ce ita ta tsufa da riƙon amanar mutane.

Ashe ba icce ne ya faɗo wa mahaifinku a daji ba. Ashe gadonsa ma ya karye, shi ma ya shekara bai ga dalilin tashi ba, aka kai shi inda kika ce ba a taɓa kai na zuriyarku ba. Lokacin Ekrem yana da shekara huɗu, bai san komai ba har yau. Yana kwance cikin dankali yana ce mini shi malalaci ne, ragon namiji, ubansa ya mutu da gatari a hannu shi kuwa ya kasa ɗaga cokali. Da wannan ƙaryar taki yake dukan kansa kullum.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kafinta ya duba gadar, ya ce in dusar ƙanƙara ta zauna a kanta shi ba ya cikin lamarin. Ki rubuto layin.

Rasema

Jelovac, 11 ga Disamba

Yaya,

Lafiyarmu ba na jin ta dame ki, don haka na tsallake. Kwana goma sha tara ke nan ina tare ɗan wasiƙa mai raba mana takardu a hanya, har ya fara sauya gefen titi in ya hango ni.

Ekrem ya daina cin komai sai ruwan miya. Ƙasar ta ƙara saurin shigewa, ramin ya kai gwiwata, sai na durƙusa nake ba shi. Jiya ya roƙe ni in daina kafa tsinken, ya ce ƙasar ta san aikinta, in ƙyale ta ta gama, ni ma in huta. Ya faɗa a hankali kamar mai ba ni shawarar kirki. Na kwashe magagari da igiyoyi da duk wani abu mai kaifi na kai gidan maƙwabta.

Tsoro nake ji, kuma na tsane ki. Dukansu biyun gaskiya ne. Dusar ƙanƙara ta farko ta sauka shekaranjiya.

Rasema

Stuttgart, 9 ga Disamba

Rasema,

Ba zan tambayi lafiyarki ba, na san irinku ba sa ciwo.

Yanzu na gane abin da ya same ni ranar ashirin da ɗaya ga watan jiya. Da hantsi ina tsaye gaban injin guga sai ƙafafuna suka ƙi ɗaguwa. Awa guda cur, mata na ja ina tsaye, har shugabar aiki ta kira mai gadi. Da na samu na matsa, sawun takalmana ya fito a cikin siminti, yana nan har yau suna kewaye shi da keken wanki. Na yi shekara talatin da biyar tun ranar amalanken nan ina tafiya da ƙafafuna lafiya lau, sai da kika sa hannu a akwatina. Wa ya ba ki izini ki sa a zuba mini darma? Ko ɓarawo yana barin ɗankwalin mace.

Tunda tsohuwar ta kasa riƙe bakinta, bari in ba ki ragowar, ki ji daɗi. Shekarata goma sha uku. Maza shida sun zo ɗaukar Baba ya ƙi motsi, ba ya jin maganar kowa sai tawa, ni ce 'yar lelensa. Inna ta tura ni. Na durƙusa na ce masa, “Baba, ka tashi mu je kasuwa, ka yi mini alkawarin takalmi.” Ya tashi da kansa, Rasema. Ya hau amalanken yana tambayata wane launi nake so. Ni na ja san har bakin ƙofar gidan, suka shiga da shi yana waiwayena. Shekara biyu ya yi a ciki. Da muka je ɗaukar gawarsa an riga an binne, lamba aka nuna mana a jikin katako.

Na faɗa wa mutum ɗaya ya tashi ya tafi, kuma na ga inda ya je. Ba zan faɗa wa na biyu ba, ko da ƙasa za ta haɗiye gidan da ke a ciki. Gara ya kwanta a ɗakin dankalin ubansa, inda aka san sunansa. Kada ki ce mini zamani ya sauya, bangon gidan nan ɗaya ne ko an shafa masa farar ƙasa.

In kika faɗa masa maganar Baba, ban yafe ba duniya da lahira. In kika kai shi, ba da yawuna ba.

Munevera

Jelovac, 14 ga Janairu, 1979

Yaya Munevera,

Ina gaishe ki. Lafiyata ƙalau, kamar yadda kika ce irinmu ba sa ciwo, sai dai bayana da ya riƙe saboda cike rami da shebur.

Takardarki ta tara ga Disamba ta yi kwana ashirin da biyu a hanya, dusar ƙanƙara ta rufe titin Maglaj. Na karanta ta a tsakar gida a tsaye, na yi kuka saboda yarinyar nan mai igiyar sa. Har yanzu ba na son matar da ta zama. Da ta iso, Ekrem ya riga ya kwana goma sha biyu a asibitin birni.

Ke kika ce masa ya tafi. Takardunki na shekara goma sha huɗu suna cikin gwangwanin gahawa, na zube su a kan tebur, na manna su a gilashin taga da rana tsaka, na ɗora farar takarda ina bin hannunki harafi bayan harafi. Yini biyu na yi. Na sa a tsohon ambulan ɗinki mai kan sarkin Jamus, na sauka ramin na riƙe masa a gaban idonsa. Ba layi ɗaya na rubuta ba, shafi guda ne, kuma maganar mahaifinku tana ciki. Ki riƙe yafiyarki, ban nema ba.

Ya karanta sau uku. Sai ya fara kuka, hawayen suna faɗuwa ƙwal-ƙwal suna huda buhun dankali, na tara su a farantin gahawa har hannuna ya gaji. Da la'asar maza shida suka ɗaga shi, abin da goma suka kasa mako guda kafin nan. Motar wurin aikinsu ta tsaya a ƙetare, direban ya ƙi hawa gadar, sai aka ja shi a kan tsohuwar ƙofa da shanu biyu. Katako uku sun karye a bayanmu. Da mun jira takardarki da yanzu babu gada, kuma amsar da ke cikinta a'a ce.

Ba zan yi miki ƙarya in ce ya warke ba. Wurin yana warin magani da dafaffen kabeji, akwai wani da ke waƙa ba ya dainawa. Amma ba a ɗaure kowa ba a ɗakinsu, an rubuta sunansa a jikin gadon da haruffa manya, kuma gadon ƙarfe ne da suka ƙera don irinsa, akwai guda biyar a jere duk da mutane. Ranar Lahadi ma'aikata biyu kawai suka juya shi. Ya ci rabin fanken cukun da na kai, ya ce gishiri ya yi yawa. Wata biyar rabon da ya kushe girkina.

Ya ba ni saƙo, ya sa na maimaita don kada in rage. Ya ce: “Ki ce wa Yaya na gode. Duk abin da ta taɓa yi mini, babu kamar wannan takardar. Ashe ba lalaci ba ne, ashe Baba ma ya ɗauka. Ki ce ta zo, ina so in tambaye ta abin da take nufi da layin ƙarshe.”

Takardar tana ƙarƙashin matashinsa. In kina so ki rubuto masa ki ce matarsa maƙaryaciya ce, adireshin yana bayan wannan shafin, ba zan tare ɗan wasiƙa ba.

Rasema

Stuttgart, 6 ga Fabrairu

Rasema,

Muna nan. Dangin yaron sun ji labari, uwarsa ta zo ta sha gahawa ta yi ta kewaye-kewaye, Senada da kanta ta ce mata kawunta yana asibiti kuma ba sata ya yi ba. Ba a fasa ba tukuna, ba a kuma sa rana ba. In ya lalace, ke da ita ku raba laifin.

Na rubuta wa Ekrem takarda sau huɗu in faɗa masa gaskiyar abin da kika yi, sau huɗu ina jefa ta a murhu. Ke ɓarauniya ce. Kin saci hannuna, kin saci ubana, kin sa ƙanina ya gode mini a kan abin da na rantse ba zan yi ba. Ke ma da ƙarya kika ɗora shi a kan hanya, don haka kada ki ƙara ɗaga mini hanci. In bai fito daga gidan nan da ƙafafunsa ba, za ki san abin da nake tashi da shi kullum, kuma ba zan tausaya miki ba.

Na karɓi hutun kwana goma. Zan shigo jirgin ƙasan ranar ashirin da uku ga wata, in wuce asibitin kai tsaye. Kada ki zo tarbata, ba a gidanki zan sauka ba.

Abu ɗaya nake so kafin ranar, kuma ki sa a jirgin sama don kada dusar ƙanƙara ta riƙe shi. Ki kwafo mini duk abin da na rubuta masa, kalma da kalma, kada ki gyara ko ɗigo. Ban san abin da na ce masa a layin ƙarshe ba, kuma zai tambaye ni.

Yayar mijinki,
Munevera